Auduga a Bakin Ƙaho

Jikana Abba, wanda ya gama lise, wato sakandare, bana, yana da wani wasa a wayarsa na tuƙa jirgin sama. Yakan zauna kusa da ni a zaure bayan la'asar, ya kashe sautin wayar don kada ya dame ni ina karatu, ya yi ta saukar da jirage da babban yatsa. Ranar nan abokansa suka zo, na ji yana ce musu, “Kakana fa aikin jirgi ya yi, amma ƙanana, masu farfela ɗaya. Irin waɗannan ko ido rufe sai in saukar da su.” Ban tanka ba, don tun ina yaro ni ba mai magana ba ne a cikin mutane. Abin da ban iya faɗa da baki ba shi nake rubuta muku, shi da abokan nasa.

Ban taɓa tuƙa jirgi ba, gyaransa na yi. Mahaifina ɗan kasuwa ne a nan Garuwa ta Kamaru, goro da atamfa, kakanninsa daga Kano suka zo. Ya gwada ni a kanti ya ga ba zan yi ba: mai saye yana tayawa, ni ina jin kunyar in ce albarka. Sai wani abokinsa ya ce akwai wani tsohon makaniki a kulob ɗin ƙananan jirage da ke gefen filin jirgi, yana neman wanda ya iya karanta Faransanci sosai kuma ba ya da surutu. Mahaifina ya ce, “To, an samu inda shirunka zai yi amfani.”

Sunan tsohon Shef Hamajoda, Bafillace ne, a soja ya koyi injin jirgi. Aikin da ya fara ba ni shi ne allon kayan aiki. Allo ne babba a bangon hanga, wato rumfar da ake ajiye jirage, an zana siffar kowane sifana da filaya da sukundireba da baƙin fenti a inda ake rataye shi. Ba a rufe murfin inji sai kowane ƙarfe ya koma kan zanensa. In zane ɗaya ya rage fayau, to ƙarfen yana cikin wani jirgi, kuma ba mai tashi sai an gano shi. Daga nan na koyi ɗaure noti da siririyar waya don kada girgiza ta kwance shi, da tatsar mai daga ƙasan tanki a cikin kwalba a ɗaga wa rana, a ga ko ruwa ya kwanta a gindi. Littattafan jiragen kuwa ni nake karanta masa su, yana zaune kan garwa yana gyara mini inda mai littafin bai san zafin Garuwa ba.

Babban abokin gabarmu ba tsatsa ba ne, zanzaro ne. Duk wata 'yar kafa da ke jikin jirgi, in ka juya baya, ya ɗebo laka ya gina ɗaki a ciki. Akwai kuwa wata kafa da ta fi kowace muhimmanci, a gaban fiffiken hagu, faɗinta bai wuce ɗan yatsa ba. Daga ita bututu ya tafi cikin jirgi har zuwa wani ɗan ƙaho kusa da kunnen matuƙi.

Ga amfaninsa. Jirgi ba inji ne ke riƙe da shi a sama ba, iskar da ke gudu a kan fiffike ce. In gudun jirgi ya ragu, matuƙi kuma ya ɗaga hancinsa fiye da kima, sai iskar ta daina bin bayan fiffiken. Faransawa suna cewa dekroshaj, mu a hanga cewa muke iska ta sake shi. Inji na aiki lafiya, mai na nan, amma jirgin ya zama ƙarfe kawai. In a can sama ne, da sauƙi: ka tura sandar tuƙi gaba, hanci ya sunkuya, gudu ya dawo, iska ta sake kama fiffike. Amma a wajen sauka, a kwanar ƙarshe da ake yi don fuskantar fili, gudu kaɗan ne, ƙasa kuma tana kusa. Nan ne abin yake kashe mutane. Kuma mutum in ya ga ƙasa na taso masa, hannunsa ja yake yi, alhali turawa ce maganin. Ɗan ƙahon nan shi ke kuka kafin iskar ta saki, ya ba matuƙi abin da bai fi numfashi biyu ba.

Gwada shi aikina ne kowace safiya. Sai in shimfiɗa hankici mai tsabta a kan kafar, in kafa baki in tsotsa. In lafiya lau, za ka ji ƙahon ya yi tsuwwa a ciki kamar ɗan akuya da aka taka. In shiru, zanzaro ya riga ka. Hankicin don kada ka haɗiye ginin nasa ne, ko shi kansa maginin. Masu gadi da masu zuba mai suka sa mini suna Angon Jirgi. Ina jin su suna dariya kullum, ni dai in tsotsa in wuce.

Masu hawa jiragenmu iri-iri ne: likitocin dabbobi, ma'aikatan auduga, 'yan mishan masu kai magani kan duwatsu, Turawa mafarauta, da manyan 'yan kasuwa in damina ta yanke hanya. Matuƙanmu 'yan ƙasa su biyu ne a lokacin. Akwai Umaru, wanda ban taɓa ganin mai ladabinsa ba. In dattijo zai hau, shi da kansa yake cire masa takalmi ya riƙe. Akwai Etiyen, Kirista daga duwatsun arewa, mai dariya, wanda Hausarsa ta kasuwa ce, yana sa wa mace “ka” ba ya ko damuwa. Makarantar tuƙi ɗaya suka yi, kwano ɗaya suke ci a hanga.

Matsalar ƙahon ita ce yana tsorata mutane. Da rana tsaka, in iska mai zafi tana cilla jirgi, yakan yi 'yar tsuwwa ya yi shiru. Ko a sauka mai kyau ma yakan yi kuka daf da taya za ta taɓa ƙasa. Dattijon da bai taɓa barin ƙasa ba, in ya ji wannan, sai ya ɗauka ajali ne ya yi sallama. An yi wanda ya suma. An yi wanda ya sauka ya ce matuƙin da gangan ya yi don ya kunyata shi a gaban yaransa. Sai wata al'ada ta shigo, ban san wanda ya fara ta ba: in za a ɗauko babban mutum daga wani filin daji, matuƙi ya cusa 'yar auduga a kafar, ƙahon ya yi shiru, tsoho ya yi tafiyarsa da mutuncinsa. Ba ganganci suke gani sun yi ba, girmamawa ce. A Garuwa ba sa yi, don Shef yana nan. A can suke yi, su cire kafin a tura jirgi cikin hanga.

Shekarar da muke kira mummunar shekara, jirgi biyu muka rasa. Na fari na wani Bature ne mai kai mafarauta, ya rage gudu a kan hanyarsa ta sauka yana nuna wa baƙinsa giwaye. Wannan ba mu ne muke gyara masa ba, tarkacen kawai aka ce mu ɗebo. Na biyu na Umaru ne.

Surukinsa ya je ɗaukowa tare da wani malami tsoho, zai kai su wani gari da ba zan ambata ba, don iyalansu suna nan. Irin garuruwan nan ba waya, saboda haka matuƙi yakan zagaya kan gari ƙasa-ƙasa don mai mota ya ji ya taho fili. Wani makiyayi da ya ga abin ya gaya mana cewa jirgin ya zagaya, ya nufi fili, ya ɗan wuce saitinsa, ya karkata don ya dawo. Ya ce, “Na ɗauka gaishe ni yake yi da fiffike.” Daga nan sai hancin ya duba ƙasa. Ba wanda ya fita.

Ni da Shef muka je da babbar mota. Injin ba abin da ya same shi kafin faɗuwar, wayoyin sanda duk a ɗaure. Fiffiken hagu yana can gefe cikin ciyawa, kusan lafiyarsa lau. Shef ya tsuguna, ya sa filaya mai dogon baki a kafar, ya zaro audugar. Fara ce tas, an murza ta da kyau yadda ba za ta faɗi ba. Ya daɗe yana kallonta a tafin hannunsa. Abin da ya ce kawai shi ne, “Ɓingel am,” wato ɗana, da Fillanci. Muka ci gaba da ɗibar tarkacen.

Bayan wannan Shef ya kafa doka: duk jirgin da zai je daji, makaniki zai bi shi. Ya kuma hana auduga da babbar murya. Amma dokar hanga daban, tsayuwa gaban dattijo a filin daji kuma daban. Etiyen ya daina dariya. Yana cin abincinsa shi kaɗai a inda suka saba zama.

A ƙarshen daminar nan aka aiko a ɗauko Hajiya Ta Annabi daga garin Tibati, can kudu. 'Yar unguwarmu ce, ƙawar kakata, ta yi shekaru a can tana sayen banda daga masuntan tafkin Mbakawu tana aikowa arewa. Zuciyarta ce ta kumbura, ƙafafunta suka cika da ruwa, ta ce a mai da ita gida kusa da asibiti da kuma kusa da dangi. Hanyar mota ba ta biyuwa. Ɗanta Alhaji Ɗanjuma, wanda yake yawan hayar jiragenmu, yana can tare da ita. Etiyen ne matuƙi, ni ne mai rakiya.

Muka same su a bakin fili, an zaunar da ita a kan tabarma a inuwar motar da ta kawo su, tana numfashi da ƙyar. Alhaji ya ja Etiyen gefe, amma ina ji.

“Ka san abin nan naku mai ihu? Ka toshe shi. Likita ya ce ko faɗuwar kwano kada ta ji.”

“Alhaji, Shef ya hana.”

“Shef yana Garuwa. Uwata ce a nan. In zuciyarta ta tsaya a sama saboda wani usur, kai za ka ba ni wata?”

Alhaji ba mugu ba ne, gaskiyarsa yake faɗa, idonsa ya yi ja. Ya ciro ƙullin audugar da ake goge wa Hajiya wurin allura, ya yago ya miƙa. Etiyen ya karɓa. Ya tsaya da ita a hannu yana kallon fiffiken, bai matsa ba, bai kuma mayar ba.

Ni ban iya musu da manya ba, har yau. Abin da na iya shi na yi: na ciro hankicina, na buɗe ƙofar jirgin don a ji sosai, na je na kafa baki a fiffike na tsotsa da ƙarfi. Ƙahon ya tsala kuka.

Alhaji ya juyo a fusace. Amma Hajiya ta riga shi.

“Kai! Wane ɗan akuya kuka ɗaure a ciki?”

Na zo na durƙusa. “Ba akuya ba ne, Hajiya. Ƙaho ne.”

Ta ƙura mini ido. “Wannan ba jikan Asabe ba ne? Lalle. Angon nawa bai gaishe ni da kyau ba, ya tafi yana tsotsar ƙarfe. Kakarka ta san abin da kake yi ke nan a wurin aikin?”

Direba da masu rakiya suka fashe da dariya.

“Sake yi in ji,” in ji ta.

Na sake. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, Alhaji ya ruga da ruwa. Da ta lafa sai ta ce, “To, me yake cewa in ya yi kukan?”

Kaina a sunkuye na ce, “Yana gaya wa matuƙi ya ƙara gudu, Hajiya. Za ku ji shi kaɗan-kaɗan a hanya, da kuma in za mu taɓa ƙasa. Wannan ba komai. In ya daɗe yana yi, to da Etiyen yake, shi kuma ya san abin yi.”

“In an toshe shi fa?”

Etiyen ne ya ce, a hankali, “Umaru ya toshe, Mama.”

Ta san Umaru, kowa ya san shi. Ta yi masa addu'a. Sannan ta miƙa hannu. “Ba ni audugar nan, ɗana.”

Ya ba ta. Ta raba ta biyu, ta murza kowace da yatsunta masu kumburi, ta miƙa wa Alhaji.

“Ungo. Sa a kunnenka.”

“Haba Hajiya, don ke fa nake…”

“Ni na ji shi, mun gaisa. Kai ne kake tsoronsa. Tun kana yaro ko tsawa aka yi sai ka shige zanena. Sa.”

Alhaji Ɗanjuma, mai manyan motoci, da furfura a gemu, ya cusa auduga a kunne a gaban direbansa.

Tafiyar ba ta da wani labari sai da muka iso. Ina gaba kusa da Etiyen, su biyu suna baya. Jirgin ya yi nauyi, rana ta take. Da muka hango kogin Binuwai sai muka ga hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, yana rige-rige da mu zuwa fili. Etiyen ya gajarta zagayen don mu sauka kafin ruwa. Muka bi ta kan rufin gidajen unguwar Pumpumre, ya rage inji, ya shiga kwanar ƙarshe. Iskar gaban hadarin ta tura mu muka wuce saitin fili. Idonsa na kan filin, yana kuma satar kallon hadarin. Ya ƙara karkata jirgin don ya dawo, ya ɗan ja sanda. A jikina ban ji wani abu ba, inji na ta aikinsa.

Ƙahon ya fara kuka, bai tsaya ba.

Etiyen ya tura sanda gaba, ya daidaita fiffike, ya danna totur har ƙarshe. Hancin jirgin ya sunkuya, gonakin dawa suka cika gilashin gaba, har ina ganin zangarniya. Alhaji, da audugarsa a kunne, ya ga ƙasa na tahowa, ya cafki kafaɗar Etiyen yana ihu, “Ɗaga! Ɗaga mana!” Na ji ƙarar duka a bayan hannu, sannan muryar Hajiya: “Sake shi! Ba da kai ake ba.”

Ƙahon ya yi shiru. Gudu ya dawo. Etiyen ya ɗago hanci a hankali, muka wuce ta kan bishiyoyi, muka sake zagayowa da faɗi, muka sauka ana fara yayyafi. Da taya za ta taɓa ƙasa ƙahon ya yi 'yar tsuwwarsa ta kullum, Hajiya ta ce, “Mun ji, sannunka.”

Da aka kashe inji Etiyen bai tashi ba. Hannunsa na kan sanda. Ya ce mini da Faransanci, don kada na baya su ji, “Ban ji komai a hannuna ba, Habibu. Ko kaɗan. Haka Umaru ma bai ji ba.” Sannan ya sauka ya zagaya, shi da Alhaji suka ɗauki Hajiya zuwa motar asibiti, ni ina riƙe mata lema.

Shef ya ji labarin a bakin Etiyen. Washegari na tarar da gwangwanin alewa a kan teburin hanga cike da auduga, an murza ta ƙanana-ƙanana. Daga ranar, duk dattijon da zai hau, sai a kawo shi gaban fiffike, in tsotsa ya ji, a gaya masa abin da ƙahon ke nufi, sannan matuƙi ya miƙa masa gwangwanin da hannu biyu. Wasu su ɗauka, wasu su ce su ba yara ba ne. Ba wanda ya ƙara jin an raina shi, ba kuma matuƙin da ya ƙara tsayawa tsakanin ladabi da ransa. Hajiya ta ga wata daminar kafin ta rasu a ɗakinta. Etiyen ya yi tuƙi har gashinsa ya yi fari, ya koma kan dutsensu yana noman gero. Shi ya riƙe karatun 'ya'yan Umaru.

Na bar aikin da daɗewa, kulob ɗin ma babu shi. Amma har yanzu ba na fita ba hankici a aljihu, kuma in na ga ginin zanzaro a jikin taga sai na tsaya na dube shi.

Jiya Abba ya zo ya zauna kusa da ni kamar kullum, ya kashe sauti, ya fara wasansa. Na ajiye littafina ina leƙen wayar. Ya shiga kwanar ƙarshe, ya wuce saitin fili, ya karkata don ya dawo. Jirgin ya kife a cikin wasu bishiyoyi, shiru, ba ko ƙara. Ya yi tsaki ya ce wayar ce take da nauyi.

Na ce, “Kunna sautin.”

“Zai dame ka, Kaka. Akwai wani abu mai tsuwwa a ciki.”

“Na san shi,” na ce. “Kunna.”